Ekpe Udoh: Ɗan benci a Amurka, gwarzo a Santambul

A kakar wasa ta 2014 zuwa 2015, ƙungiyar Los Angeles Clippers ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tana da wani dogon ɗan wasa mai tsawon mita 2.08, wanda galibin darare a ƙarshen benci yake ƙare su. Sai wasa ya mutu, an san mai ci an san mai shan kashi, sannan koci Doc Rivers zai waiga ya yafito shi ya ƙarasa 'yan mintunan da suka rage. Shekara biyu bayan nan, ranar 21 ga Mayun 2017, shi aka miƙa wa kyautar gwarzon zagayen ƙarshe na EuroLeague, gasar ƙungiyoyin ƙwallon kwando mafi ƙarfi a wajen Amurka, dubban Turkawa na rera sunansa. Bayan wata biyu ya koma Amurka, ya kuma koma benci.

Sunansa Ekpe Udoh. An haife shi a 1987, ya tashi a garin Edmond na jihar Oklahoma, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma ya sa wa D'Tigers, tawagar ƙwallon kwando ta Najeriya, riga a gasar cin kofin duniya ta 2019 da wasannin Olympics na Tokyo. Tsakanin 2010 da 2023 ya buga wasa a Amurka, Isra'ila, Turkiyya, Sin, Italiya da Japan. Wanda ya kalli wannan jeri da idon ƙwallon ƙafa zai yi saurin yanke hukunci cewa yaro ne ya gwada babbar gasa ta fi ƙarfinsa, ya gangaro, ya sake gwadawa ta sake kayar da shi, daga nan ya shiga yawon tara kuɗin ritaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ba ta amsa tambayar da ta fi ɗaure kai: ta yaya mutum ɗaya, tsayinsa bai ƙaru ba, hannayensa ba su sake ba, za a rasa abin yi da shi a Los Angeles, shekara ta zagayo ya zama ginshiƙin ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe a Turai? Sai an duba dokokin wasa, da aikin da koci ya ɗora masa, da tsarin kuɗi da takardu na kowace gasa kafin a gane.

Tun daga ranar da ya shiga NBA aka ɗaura masa kayan da ba nasa ba. A can ba a sayen matashi daga wata ƙungiya. Kowace shekara a watan Yuni ƙungiyoyi 30 kan zaɓi matasa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke da damar fara zaɓe. Tunda babu faɗawa rukuni na biyu, wannan zaɓe shi ne tsanin da aka tanada don ƙungiyar da ta durƙushe ta miƙe. Saboda haka duk yaron da aka ɗauka cikin goman farko, jama'ar gari na jiran ya zama tauraro, ba ma'aikaci ba. A 2010 Golden State Warriors ta ɗauki Udoh a lamba ta shida. Ya fito ne daga jami'ar Baylor, bayan shekara biyu a Michigan, kuma a kaka ɗaya da ya buga wa Baylor ya tare ƙwallo 133 a sama, abin da ba a taɓa yi ba a rukuninsu na Big 12. Bayansa aka ɗauki Greg Monroe, sai Al-Farouq Aminu, wanda daga baya suka haɗu a tawagar Najeriya, sai Gordon Hayward, sai Paul George a lamba ta goma. Da Paul George ya zama Paul George, duk mai son ya zagi shugabannin Warriors sai ya ambaci Udoh. Ga shi kafin a fara kaka ya ji rauni a wuyan hannu aka yi masa tiyata, bai taka fili ba sai Disamba.

Abin da Udoh ya iya shi ne hana mutane ci. Yana karanta inda ƙwallo za ta nufa kafin ta tashi, ya san lokacin da zai bar mutuminsa ya kai wa abokinsa ɗauki, kuma ba ya tsalle sai mai jifa ya riga ya saki ƙasa, don haka ba a cika yaudararsa ba. Irin wannan aiki koci ne ke ganinsa a bidiyo washegari, ɗan kallo kuwa maki yake ƙirgawa. A duk zamansa na NBA matsakaicin makin Udoh bai kai huɗu a wasa ba.

Fitarsa ta farko waje ta dole ce. Ranar 1 ga Yulin 2011 masu ƙungiyoyin NBA suka rufe gasar saboda rikicin rabon kuɗi da ƙungiyar 'yan wasa, albashi ya tsaya cak. 'Yan wasa suka bazama duniya: Deron Williams ya tafi Besiktas, Tony Parker ya koma gida Faransa, Udoh ya sa hannu da Bnei Hasharon ta Isra'ila. Wasa ɗaya ya buga aka sasanta, ya tattara ya dawo. A nan ne mutum zai fara ganin ƙarfin takarda. Ba wanda ke tsallakawa daga gasar wata ƙasa zuwa wata sai da takardar sallama ta hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, mai tabbatar da cewa babu kwantiragin wani a wuyansa, kuma NBA da FIBA sun yi yarjejeniyar mutunta kwantiragin juna. Waɗanda suka tafi Turai da Isra'ila sun sa sharaɗin cewa ranar da aka buɗe NBA za a sake su. Hukumar gasar Sin ta ƙi yarda da wannan sharaɗi, don haka irin su J.R. Smith da Wilson Chandler suka maƙale a can har ƙungiyoyinsu suka gama kaka, ana ta wasa a Amurka ba su.

A Maris ɗin 2012 Warriors ta haɗa shi da Monta Ellis da Kwame Brown ta miƙa wa Milwaukee Bucks, ta karɓi Andrew Bogut da Stephen Jackson. Ba a tambaye shi ba, domin a NBA kwantiragi ake musaya, mutum kuwa ya bi kwantiraginsa ko yana so ko ba ya so. Magoya bayan Warriors sun ji zafin rabuwa da Ellis har suka yi wa mai ƙungiyar, Joe Lacob, ihu a bainar jama'a kwanaki kaɗan bayan cinikin. Shekara uku bayan nan Bogut na cikin waɗanda suka ciyo musu kofi. Shi kuwa Udoh ya ƙarasa kwantiragin farko a Milwaukee, ba a sabunta ba, ya yi shekara guda a Clippers yana jiran canjin DeAndre Jordan, wanda bai rasa wasa ko ɗaya ba a kakar. A Yunin 2015 tsohuwar ƙungiyarsa Warriors ta ɗaga kofin NBA. A Yuli shi ya sa hannu da Fenerbahce.

A nan ya kamata a dakata, domin ƙwallon kwandon da ya tarar a Turai sunanta ne ɗaya da ta Amurka, amma an yanka ta a kan wani awo daban.

Dokar da ta fi shafarsa ita ce ta daƙiƙa uku. Tun 2001 NBA ta hana mai tsaron gida, wato ɗan wasan da ke kare kwandonsu, tsayawa fiye da daƙiƙa uku cikin fentin da ke gaban kwando, sai dai in akwai abokin hamayya kurkusa da yake tsaro. Dole dogo ya riƙa shiga yana fita, kuma a wannan ɗan tsakanin ne masu gudu ke kutsawa. A dokokin FIBA, waɗanda Turai da sauran duniya ke bi, babu wannan hani. Dogo na iya kafa sansani a gaban kwando ya jira mai ƙarar kwana. Ƙara da layin maki uku: a NBA nisansa mita 7.24 ne daga kwando ta gaba, a FIBA mita 6.75, filin ma ya ɗan fi ƙanƙanta. Rabin mita kamar wasa, amma shi ne bambancin dogon da zai iya kare kwando kuma ya isa kan mai jifa daga nesa da taku biyu, da wanda sai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Sannan a FIBA da zarar ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando kowa na iya make ta, ko tana rawa a kan baki. A NBA wanda ya taɓa ta a wannan hali ya yi laifi, an ba abokan hamayya makin. Duk waɗannan dokoki kamar don mai dogon hannu da sanin lokaci aka rubuta su.

Akwai kuma tsarin kaka. Wasan NBA minti 48 ne, kowace ƙungiya na buga 82 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, yau a wannan gari jibi a wancan, atisaye kaɗan ne. A irin wannan gudu taurari ake miƙa wa ƙwallo su san yadda za su yi, dogon da ke jiran canji kuwa aikinsa a taƙaice yake: ka tare wanda ke tsaron mai ƙwallo, ka ruga kwando, in an cillo maka ka zura. Udoh ya zauna da Stephen Curry da Ellis, ya zauna da Chris Paul da Blake Griffin, ba wanda zai tsara hari ta hannunsa. A Turai wasa minti 40 ne, a kakar 2016 zuwa 2017 ƙungiyoyi 16 na EuroLeague wasa 30 kowace ta buga, ana atisaye kamar sojoji, kuma koci ne sarki. Maki ba su da yawa, don haka kowace ƙwallon da aka hana tana da nauyi.

Kocin da ya faɗa hannunsa kuwa ba ƙaramin sarki ba ne. Zeljko Obradovic, ɗan Sabiya, ya riga ya ci kofin Turai sau takwas da ƙungiyoyi huɗu, Partizan da Joventut da Real Madrid da Panathinaikos, kafin Fenerbahce ta ɗauko shi a 2013. Mutum ne da in ransa ya ɓaci a bakin fili fuskarsa kan rine ta yi jajir, yana zazzaga wa ɗan wasa masifa a gaban kyamara, ko yana gaba da maki ashirin. Fenerbahce ɗin ita ce dai wadda Jay-Jay Okocha da Uche Okechukwu suka buga wa ƙwallon ƙafa. A Turkiyya, kamar Sifaniya da Girka, babbar ƙungiya kan haɗa wasanni da yawa ƙarƙashin tuta ɗaya. Galibin manyan ƙungiyoyin kwando na Turai ba riba suke ci ba, kuɗin mai ƙungiya ko na kamfanin da ke ɗaukar nauyi ko na ɓangaren ƙwallon ƙafa ke riƙe da su. Wanda ya zuba kuɗi ba don riba ba, kofi yake so, kuma bana yake so. Ba ruwansa da ko an ɗauke ka a lamba ta nawa, ko rigarka za ta sayu. Tambayarsa ɗaya ce: za ka hana Real Madrid ci ranar Juma'a?

Abin dariya, abokin aikin Udoh a ƙarƙashin kwando, Jan Vesely ɗan ƙasar Czech, shi ma a lamba ta shida Washington Wizards ta ɗauke shi a 2011, shi ma an ce ya kasa, ya dawo Turai a 2014. 'Yan lamba shida biyu da Amurka ta tofar, su suka zama katangar da ta addabi Turai.

Obradovic ya yi wa Udoh abu biyu da ba a taɓa yi masa ba. Ya gina tsaron ƙungiyar a kansa: in abokan hamayya suka kawo dogonsu ya tare wanda ke tsaron gajerensu mai ƙwallo, maimakon Udoh ya ja baya, sau da yawa sai ya karɓi gajeren da kansa, ya durƙusa a gabansa da hannaye a buɗe, ya bi shi taku da taku har agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa ya kusa cinyewa, gajeren ya yi jifan dole ta saman dogon hannu. Sannan ya ba shi ƙwallo. Udoh kan karɓe ta a bakin layin jifan fanareti, ya juya ya fuskanci kwando, ya ɗan jira. In an matso masa ya saka wa Vesely ta sama, ko ya cilla wa Bogdan Bogdanovic ko Luigi Datome a gefe, in an ja da baya ya jefa da kansa. Ashe mutumin ya iya raba ƙwallo, shekara biyar ba wanda ya tambaye shi.

A kakarsa ta farko sun share Real Madrid, mai riƙe da kofi, wasa uku ba ko ɗaya, suka kai wasan ƙarshe a Berlin da CSKA Moscow. An ba su ratar maki ashirin, suka farke, har suka shiga gaba ana saura daƙiƙu, sai Viktor Khryapa ya tura wata ƙwallon da ta dawo daga kwando ya rama. A ƙarin lokaci suka sha kashi 101 da 96. Shekara ta zagayo aka kawo zagayen ƙarshe Santambul, zauren Sinan Erdem. Fenerbahce ta gama kakar a matsayi na biyar, ta je ta share Panathinaikos uku ba ko ɗaya duk da cewa wasanni biyun farko a Athens aka yi su. A wasan kusa da na ƙarshe suka sake haɗuwa da Real Madrid, mai Sergio Llull, gwarzon kakar, da wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Luka Doncic. Udoh ya ci maki 18, ya cafke ƙwallo 12 daga kwando, ya raba takwas da aka ci, aka tashi 84 da 75. Takwas ɗin nan su ne abin lura, domin lissafin mai raba ƙwallo ne, ba na ɗan tsakiya ba. A wasan ƙarshe suka doke Olympiacos 80 da 64, Udoh da maki 10 kacal amma ya tare biyar a sama, aka ba shi kyautar gwarzo. Wannan ne karo na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta ci EuroLeague, kuma kofi na tara ga Obradovic.

To me zai sa mutum ya bar wannan? Utah Jazz ta ba shi kwantiragin shekara biyu, kimanin dala miliyan 6.5. A ido kuɗi ne mai yawa, amma lissafin ba a miƙe yake ba. Albashin da ake faɗa a NBA kafin haraji ne, gwamnatin tarayya ta cire nata, jihohi su cire nasu, wakili ya karɓi kasonsa. A Turai al'adar ita ce a faɗi abin da zai shiga aljihu, ƙungiya ta ɗauki haraji, sau da yawa ta ba da gida da mota. Don haka ga ɗan wasa na sahun gaba a EuroLeague, ratar da ke tsakaninsa da ɗan benci a NBA ba ta kai yadda alƙaluma ke nunawa ba. Abin da NBA ta fi shi ne tabbas, albashi ba ya makara kamar yadda yakan yi a wasu ƙungiyoyin Turai, akwai fansho, ga kusanci da gida. Sannan a 2016 sabon kwantiragin talabijin ya ɗaga iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi daga dala miliyan 70 zuwa 94, kuɗi suka yi ambaliya, duk wanda ke Turai ya ji ƙamshi. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a kwantiragi. Wanda aka taɓa yi wa laƙabin ɓataccen zaɓe yana son ya koma ya wanke sunansa a inda aka ɓata shi.

A ganina wannan komawa ita ce cinikin da ya fi yi masa tsada a rayuwarsa ta wasa, ko da bai yi asarar kuɗi ba. Yana ɗan shekara 30, yana kan ganiyarsa, ya tafi ƙungiyar da ke da Rudy Gobert, mutumin da ya iya irin aikinsa kuma ya fi shi tsayi, wanda aka zaɓa gwarzon mai tsaron gida na NBA a 2018 da 2019, wato duka shekarun da Udoh ya yi a can. Ga wani dogon kuma, Derrick Favors. Lokacin da Gobert ya ji rauni a gwiwa a kakar farko Udoh ya samu fili ya kuma yi aikinsa, Gobert na warkewa ya koma inda ya fito. NBA ɗin ma ta sake fata kafin ya dawo. Tsohuwar ƙungiyarsa Warriors ta koya wa kowa cewa da jifan maki uku ake cin kofi, dogon da ba ya jifa daga nesa sai farashinsa ya faɗi. A rani ɗaya suka bar Fenerbahce shi da Bogdanovic. Sacramento Kings ta ba Bogdanovic, mai jifa daga nesa, dala miliyan 27 a shekara uku. Gwarzon zagayen ƙarshe bai samu rabin abin da abokinsa ke samu a shekara ba. Abin ya yi kama da mai kai goro kasuwar da ake neman gishiri: kayansa na da kyau, masu saye ne ba su zo don shi ba. Fenerbahce kuwa ta sake kai wa wasan ƙarshe a 2018 a Belgrade, ta sha kashi a hannun Real Madrid da Doncic, kuma magoya bayanta sun daɗe suna tambayar da yaya za ta kaya da Udoh na nan.

Daga Utah sai Beijing Ducks a 2019, tare da Jeremy Lin. Gasar Sin wata kasuwa ce ta daban. Kakarta gajeriya ce, kuɗinta masu kauri, amma an ƙayyade yawan baƙin da ƙungiya za ta ɗauka da lokutan da za su kasance a fili tare, don a ba 'yan gida dama. Sakamakon haka baƙo kan zama injin cin maki, kuma in ya yi wasa uku bai ci ba a sallame shi a kawo wani. Mai tsaron gida irin Udoh bai dace da wannan tsari ba sai a ƙungiya irin Beijing, wadda a lokacin kocinta Bagirke ne, Yannis Christopoulos, mai wasa irin na Turai. Annobar korona ta dakatar da gasar a farkon 2020, aka dawo a watan Yuni a killace ba 'yan kallo, Beijing ta kai wasan kusa da na ƙarshe Guangdong ta fitar da ita. A 2021 ya ɗan taɓa wasa a Beijing Royal Fighters, ƙarƙashin Stephon Marbury, wanda shi ma NBA ta gaji da shi ya je Beijing ya ci kofi uku har aka kafa masa mutum-mutumi.

Maganar ƙayyade baƙi ita ke sa fasfo ya zama kadara a wannan sana'a. Abokin wasan Udoh a Fenerbahce, Bobby Dixon ɗan Chicago, ya karɓi takardar zama ɗan Turkiyya a 2015 ya koma Ali Muhammed, ya daina cin gurbin baƙo a gasar cikin gida. A Sifaniya da Faransa, yarjejeniyar Cotonou ta 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Caribbean da Pacific ta sa ba a lissafa mai fasfon Najeriya ko Senegal cikin 'yan tsirarun guraben da aka ware wa Amurkawa. Shi ya sa ɗan Najeriya haifaffen Amurka da ya karɓi fasfon iyayensa kan fi takwaransa mai fasfo ɗaya saurin samun aiki a can, ko da ƙwarewarsu ɗaya.

Wasan da Udoh ya yi wa Najeriya a ƙarƙashin dokokin FIBA ne, don haka ya dawo cikin ruwansa. A gasar duniya ta 2019 a Sin, ƙarƙashin koci Alex Nwora, D'Tigers sun sha kashi a hannun Rasha da Ajantina, suka lallasa Koriya ta Kudu, suka doke Kodebuwa, sannan suka doke mai masaukin baƙi, abin da ya sa suka zama na gaba cikin ƙasashen Afirka suka samu tikitin Tokyo. Ranar 10 ga Yulin 2021, a wasan share fage a Las Vegas, tawagar da Mike Brown ke jagoranta ta doke Amurka 90 da 87, ƙasar da ta ci Najeriya 156 da 73 a London a 2012. Ko wannan nasara da jifa daga nesa aka same ta, guda 20 suka shiga. A Tokyo kuwa Ostireliya da Jamus da Italiya duk sun doke su.

A ranin nan ne ya yi abin da da yawa ke ganin ya kamata ya yi tun 2019, ya koma Turai. Virtus Bologna, zakarar Italiya, ta ɗauke shi, ƙarƙashin Sergio Scariolo, tare da Milos Teodosic da Marco Belinelli, da burin cin EuroCup, gasa ta biyu a Turai, don ta haura EuroLeague. A watan Satumba, a gasar buɗe kaka, ya zame a fili jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Kakar ta tafi gaba ɗaya. Virtus ta ci kofin a 2022 yana jinya. Ga ɗan shekara 34 da sana'arsa ta dogara da tsalle a kan lokaci, irin wannan rauni kusan hukunci ne. Ya dawo ya buga a Japan a kakar 2022 zuwa 2023, Shimane Susanoo Magic sannan Kyoto Hannaryz, a gasar B.League da aka fara a 2016 bayan FIBA ta dakatar da Japan saboda tana gudanar da gasa biyu masu kishiyar juna. Daga nan ya ajiye takalmi.

Shekara biyun Utah ba su tafi a banza ba ta wata fuska. Kocin da ya ajiye shi a benci, Quin Snyder, ya taɓa zama mataimakin koci a CSKA Moscow, ya san darajar abin da Udoh ke gani a fili, kuma ya ga yadda yake tara jama'a a ƙungiyar karatun littattafai da ya kafa, wadda ta bi shi daga Milwaukee zuwa Santambul zuwa Salt Lake City. Da Snyder ya karɓi Atlanta Hawks a 2023 sai ya kira shi cikin mataimakansa. A ɗakin sa kaya na Hawks Udoh ya tarar da Bogdanovic, wanda ya girme wa da shekara biyar, yana nan yana wasa, kuma a watan Maris na shekarar ya sabunta kwantiraginsa, shekara huɗu a kan dala miliyan 68.